Ɗan Farin Mairo

Muzammil ya saki Mairo bayan girbin dawa, saki na uku, kuma babu wanda ya yi mamaki a ƙauyen. Tun da ya fara zuwa haƙar zinariya can arewa ya dawo da wani hali, ita kuma Mairo ba mai haɗiye magana ba ce. Dattawa sun zauna a kansu har sun gaji. Aure ya mutu, aka bar shi ya mutu. Abin da ya rage shi ne gida da yara uku: Muntari, namiji, wanda ya ɗan haura shekara bakwai, sai ƙannensa mata, Huda da Malak.

A da irin wannan magana a rumfar masallaci ake gama ta tsakanin la'asar da magariba. Yanzu yara sun san hanyar mahkama, wato kotu. Muzammil ya ɗauki lauya, wani saurayi ɗan birni mai baƙar jaka, ya shigar da ƙara yana neman abu biyu. Na farko kwanon rufin gidan da ƙofar ƙarfe, domin shi ya saya. Na biyu Muntari.

Dokar wannan ƙasa ta Larabawa da muke zaune ta ce ɗa namiji yana hannun uwarsa har ya cika bakwai. Daga nan uba yana iya neman sa, sai dai idan uwar ta tashi da bakinta ta ce a bar mata shi, alƙali ya duba ya ga zamansa wurinta ya fi. Niyyar Muzammil ita ce ya kai yaron wurin mahaifinsa, Malam Salih, a wani ƙauye gabashin kogi ta wajen Rufa'a, shi kuma ya koma ramin zinariyarsa. Daga ƙauyen su Mairo, da ke cikin gonakin auduga na wajen Managil, zuwa can, sai an canja mota kuma an haye ruwa. Yaron da aka kai can, uwarsa sai ta gan shi da salla, in ta yi sa'a.

Ranar zama na farko Mairo ta je da kawunta Yakubu, ƙanen mahaifiyarta, tunda ubanta ya rasu. Malam Salih shi ma ya zo da dattawa biyu na ƙauyensu. Ya zauna a benci na gaba da farin rawani, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Alƙaliyar mace ce, Balarabiya mai tabarau, ba ta ɗaga murya.

Aka fara da gida. Lauya ya yi dogon bayani a kan kwano da ƙofa. Da aka ba Mairo dama, ta miƙe ta gyara tob ɗinta, wato lafaya, ta yi magana da Larabci tsaf, irin na matan kasuwa.

"Kwanon nasa ne, Maulana, ban musa ba. Bangon kuwa 'yan'uwana suka yi gayya suka tada shi, a filin ubana. In yana son kwanonsa ya zo ya cire. Amma ya zo da rana, 'ya'yansa suna ciki suna kallon sa."

Wasu a baya suka yi dariya, ɗan sanda ya harare su. Alƙaliya ta ce ba za a cire rufi a kan yara ba, maganar kwano ta jira har yaran mata su girma.

Aka zo kan Huda da Malak. Muzammil bai neme su ba, amma Mairo ba ta bar wurin ba sai da ta faɗi komai: ƙirjin Huda da ke toshewa duk lokacin feshin auduga, da Malak da ba ta barci sai ta riƙe kunnenta. Alƙaliya tana rubutu tana gyaɗa kai.

Sai ta juya takarda. A takarda sunan yaron Mukhtar, a gida ne ake ce masa Muntari.

"Saura babban," in ji ta. "Ummu Mukhtar, me kike cewa a kansa?"

Mairo ta ja tob ta rufe rabin fuska, ta kafa ido a siminti.

Larabawa suna kiran mace da sunan ɗanta na fari, kuma girmamawa ce wurinsu. Mu ba haka muka gada ba. Kakanninmu sun taso daga Sakkwato da kunyar ɗan fari, suka sauke ta a nan tare da tukwanensu. Mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukinta. Da an yaye shi sai kaka ta ɗauka. Ba ƙi ba ne. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba ƙi ba ne. Muzammil ma ya sani, domin shi kansa ɗan fari ne, uwarsa ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Duk da haka ya sunkuya ya raɗa wa lauyansa magana a kunne. Lauya ya miƙe.

"Maulana, a ba ni izini in yi mata tambaya. Yaron nan a ɗakin wa yake kwana?"

"Ɗakin Inna," in ji Mairo, murya ƙasa.

"Wato mahaifiyarki. Tun yaushe?"

"Tun yaye."

"Bara da ya faɗo daga kan jaki ya karye, wa ya kai shi asibiti?"

"Kawu."

"Ke kin shiga kin gan shi a can?"

"Ban shiga ba."

"Ki faɗa wa mahkama sunansa."

Mairo ta ƙara sunkuyar da kai. Fanka tana juyawa a sama. Malam Salih yana kallon kan sandarsa.

Lauya ya buɗe hannuwa. "Maulana, matar da ta yi mana huɗuba a kan kwanon rufi ke nan. An zo kan ɗanta, ko sunansa ba ta iya faɗa."

Alƙaliya ta cire tabarau. "'Yar'uwa, tambaya ɗaya zan yi miki. Kina neman a bar miki yaron nan?"

"Yadda manya suka gani," in ji Mairo.

A wurinmu wannan amsa ce ta 'yar mutunci. A takardar mahkama kuwa ma'anarta ba ta nema.

Kawu Yakubu ya miƙe ba tare da an kira shi ba. Ɗan sanda ya nufo shi, alƙaliya ta ɗaga hannu ta ce a bar shi. Ya yi bayani da Larabcinsa na gona, yana haɗawa da hannu, ya ce al'ada ce, kunya ce, ya ce ita kanta Mairo 'yar fari ce kuma haka uwarta take yi mata har yau.

Alƙaliya ta saurare shi har ya gama. "Na ji, ya Hajj, kuma ban ƙaryata ka ba. Mu ma muna da namu. Amma ni ba na rubuta abin da ke cikin zuciya, abin da aka roƙa nake rubutawa. Uba ya roƙa. Uwa ba ta roƙa ba. Zan ɗaga zama. In mun dawo ta roƙa da bakinta, zan duba. In ba ta roƙa ba, yaro na ubansa ne."

Da suka koma gida, Inna Hauwa, mahaifiyar Mairo, tana tsugune gaban wuta tana shafa kisra, siririyar wainar dawa, a kan kasko. Ta ji labari daga bakin ƙanenta ba ta ɗaga kai ba.

"Kai da ka je ka yi musu Larabcin masu ban-ruwa, me ka tsinana?"

"Yaya, ni na faɗi nawa. Saura nata."

"Nata me? Ɗiyar da na haifa ta tsaya gaban surukinta ta ce tana son ɗan fari? Gobe a bakin famfo me za a ce?"

"A ce ta riƙe ɗanta."

"A ce Hauwa ba ta yi tarbiyya ba. Ni zan je. Ni na yaye shi, ni nake wanke masa kai. Mijina ne, in gaya wa matar nan mai gilashi a bar mini mijina."

"Ba ke aka tambaya ba, Yaya. Ko kin je da ganga, uwa aka ce."

Inna Hauwa ta ɓamɓare kisra ta jefa a faranti da ƙarfi. "Ke, waccan, wutar nan za ta mutu kina tsaye."

Mairo ta kawo karan auduga ta tura a murhu.

Muntari yana bakin zaure yana gyara wata mota da ya ƙera da gwangwanin mai. Ya ji duk abin da aka faɗa, yara suna ji. Da Kawu Yakubu ya zo fita sai ya tare shi.

"Kaka, can gidan Kaka Salih akwai makaranta?"

"Akwai. Wa ya ce maka za ka?"

"Huda."

"Huda ce alƙali yanzu? Tashi ka kai wa akuya ruwa."

Washegari da hantsi Mairo ta sami kawunta a hawasharsa, gonar da yake nomawa a bakin ƙaramar tur'a, magudanar ruwan noma, yana buɗe wa alkama ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana fizgar ciyawa kafin ta yi magana.

"Kawu, na gwada. Na shiga bayan ɗaki ni kaɗai na faɗa, ya fita. Da na tuna Baba yana zaune a bencin nan, sai ya maƙale a nan." Ta taɓa maƙogwaro.

Baba take ce wa Malam Salih, har bayan saki.

"Shekarun da na yi a auren nan bai taɓa ganin ina cin abinci ba. Bai taɓa jin dariyata ba. Da ɗansa ya fara dukana, shi ya hayo ruwa ya zo ya tsawata masa. Yanzu in tsaya a gabansa in buɗe baki in ce..."

"To ki zaɓa," in ji Kawu Yakubu. Ba mutum ne mai lallashi ba. "Ko ki ji kunya rana ɗaya, ko ki riƙa ganin yaron nan da salla. Ni ba zan iya shiga bakinki ba."

"Na sani, Kawu."

Ta koma gida ta ɗinke aljihun rigar makarantar Muntari da ya yage, ta miƙa wa Huda. "Kai wa yayanki."

Ranar zama na biyu suka isa da wuri. Inna Hauwa ta biyo su, ta ce ba za ta shiga ba, za ta zauna a baranda da yaron. Kawu Yakubu ya hango Malam Salih shi kaɗai wurin mai shayi a gindin dogon yaro. Ya je ya ja kujera. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gona, da ruwan bana da bai isa ƙarshen tur'a ba.

"Na sa an ɗaura masa ƙaramin gado," in ji Malam Salih. "Tun da tsohuwar ta rasu gidan ya yi mini faɗi. Da magariba ba ka jin motsin kowa."

"Allah ya jiƙan ta."

"Amin. Kada ka ce na zo ƙwace, Malam Yakubu. Jikana ne. Shari'a ta ba mu."

"Ta ba ku. Ban zo roƙo ba." Kawu Yakubu ya kurɓi shayi. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Lauyan nan ɗan birni ne, ko sannu bai iya da Hausa ba. Wa ya gaya masa ya ce ta faɗi sunan?"

Malam Salih ya kurɓi nasa shayin.

"Kuma wa ya ce lallai kai ka zauna a benci na gaba, inda in ta ɗaga ido kai za ta fara gani?"

Malam Salih ya juya kofinsa a hannu. Ya daɗe yana kallon wata mota da ake loda wa buhunan gyaɗa a tsallaken titi.

"Shayinka zai huce," in ji shi.

Aka kira shari'a. Kowa ya koma inda ya zauna wancan karon. Alƙaliya ta karanta abin da ya gabata a taƙaice, ta dubi Mairo.

"Kin yi tunani?"

"Na yi, Maulana."

"Kina neman a bar miki yaron?"

Mairo ta buɗe baki. Ta ɗaga ido, ya sauka a kan farin rawani. Ta mayar da shi ƙasa. Lauya ya fara tattara takardunsa. Alƙaliya ta jira, ta ƙara jira, sannan ta ɗauki alƙalami.

Malam Salih ya dogara sanda ya miƙe.

"Maulana, ina neman izini. Zan fita."

"Lafiya, ya Hajj?"

"Lafiya. Ɗakin ne ya yi mini zafi."

Ya juya ga dattawan da suka rako shi. "Ku taso." Ya dubi Kawu Yakubu. "Kai ma, Malam Yakubu. Da duk wani mai jin Hausa da ya girme ta."

Muzammil ya riƙo gefen rigarsa. "Baba, yanzu za a yanke."

"Kai zauna. Shari'arka ce."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Malam Salih bai tsaya a baranda ba. Ya ce wa Inna Hauwa ta taso da yaron, ya kai su duka can gindin dogon yaro, inda ko an yi ihu a ciki ba za a ji ba. Ya zauna ya ba wa taga baya.

A ciki aka bar Mairo da alƙaliya da magatakarda da ɗan sanda, sai Muzammil da lauyansa.

Alƙaliya ta dubi ƙofar da aka rufe, ta dubi Mairo. "To?"

"Ina so a bar mini ɗana."

"Ɗaga murya, magatakarda bai ji ba."

"Ina so a bar mini ɗana. Babban."

"Sunansa?"

"Muntari." Sunan ya fito mata wani iri, kamar ta ari bakin wani. "Mukhtar, a takardarku."

Daga nan kuma sai magana ta ɓalle. Ta ce ɗakin Inna da nata katanga ɗaya ce a tsakani, iyakar ƙugu, ko tari ya yi tana ji. Ta ce abincin da yake ci daga tukunyarta yake fita. Ta ce ranar da ya karye ta bi su a motar da ta biyo baya, ta tsaya a bayan katangar asibiti tana jin kukansa har aka gama ɗauri, ta riga su komawa gida don kada Inna ta gane. Ta ce hannun har yanzu yana damun sa in an yi sanyi. Ta ce malaminsu ya ce yana da kan lissafi. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗa ne kamar mai ba da rahoton gona.

Lauya ya ce duk wannan magana ce ta baki. Alƙaliya ta ce wancan karon shi ne ya yi ƙorafin babu maganar baki. Ta juya ga Muzammil.

"In na ba ka shi, a gidan da kake kwana zai kwana?"

"Gidan mahaifina, Maulana."

"Kai kuma?"

"Ina da aiki a arewa."

"Sau nawa kake zuwa gida a shekara?"

Muzammil ya ce ya danganta da aiki.

Ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta karanta. Yaro zai zauna wurin uwarsa ya ci gaba da makarantarsa. Duk hutu a kai shi wurin ubansa, ko wurin kakansa in uban ba ya nan. Ciyarwa tana kan uba. Ta rufe takarda ta kira shari'a ta gaba.

Muzammil ne ya fara fitowa. Ya nufi gindin bishiyar da sauri, ya tsaya a kan mahaifinsa.

"Baba, ka kayar da ni. Ni don kai na yi. Kai ka ce gidan ya yi maka faɗi."

"Na ce."

"To me ya sa ka tashi?"

"Ni ta ji wa kunya, kai kuma ka ɗauki kunyar ka kai wa lauya. Ka zaunar da ni a gabanta don bakinta ya rufe. Ban gane ba sai yau." Ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya. "Da ka ci shari'ar da hujja, da na tafi da jikana ban waiwaya ba. Da wannan kuwa ba na so."

"Ai sai ka ji abin da ta faɗa a ciki. Har suna ta..."

"Ban ji ba, kuma ba zan ji ba. Abin da ka ji a ciki ka bar shi a ciki. In na ji shi a bakin wani, na san daga inda ya fito."

Muzammil ya tsaya yana huci. Sannan ya juya ya bi lauyansa.

Inna Hauwa ta matso kusa da ƙanenta, ta rage murya. "Yakubu, ta faɗa?"

"Ina na sani, Yaya? Ina nan waje tare da ke."

"To ya aka yi aka ba ta?"

"Sai ki shiga ki tambayi mai gilashi."

Inna Hauwa ta taɓe baki, ta kama goge wa Muntari hanci da bakin zane, yana zillewa.

Mairo ta fito daga ƙarshe. Ba ta zo kusa ba. Ta tsaya daga nesa, ta cire takalmi, ta durƙusa a ƙasa, fuskarta a rufe.

"Baba, a sauka lafiya."

Malam Salih bai dube ta ba. Ya yi magana ne yana kallon Kawu Yakubu.

"Malam Yakubu, a gaya wa uwar yaran nan, ranar da aka ba da hutu a sa shi a mota, kada a jira sai na aiko. A haɗo shi da allonsa. Kuma a daina barin sa yana hawa jakin mutane."

"Za a gaya mata."

Ya ɗora hannu a kan Muntari, ya yi masa addu'a gajera, ya tofa. Sannan ya kira dattawansa suka nufi tasha, domin motar gabas ba ta jiran kowa bayan azahar.